MUHIMMANCIN ZAƁEN ZARE A SANA'AR ƊINKIN BARGO DA KEKE

Jawabin da baƙo mai jawabi, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a garin Wasagu



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a tsayar da ni gaban manyana. A cikin wannan zaure akwai likitoci da lauyoyi da hafsoshin soja, ga kuma malaman da suka koya mana ƙidaya da bulala a hannu. Ni kuwa tela ne. Da sakatare ya tambaye ni kan me zan yi magana, na ce masa kan zare, sai ya yi shiru, can ya ce, "Zare kawai?" Na ce masa ƙwarai kuwa, kuma ina fata kafin in zauna shi ma zai yarda cewa maganar ta isa a tara jama'a dominta.

Dalilin zaɓen wannan batu shi ne, kamar yadda kuka sani, bara ƙungiyarmu ta tara kuɗi ta sayi kekunan ɗinki ta ajiye a ɗakin koyon sana'a na makaranta, aka kuma sa mai walda ya ƙera firam guda biyu domin ɗinkin bargo da zanen gado mai ciko. Da na ziyarci ɗakin a watan jiya, na tarar an jingine rabin kekunan a bango, wai sun lalace, suna tsinka zare, suna tsallake ɗinki. Har na ji ana ƙishin-ƙishin cewa an cuci ƙungiya wajen saye. Na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu keken da ya lalace. Zaren da aka ɗora musu ne ba na aikin ba, allurar kuma ba ta zaren ba ce. Na canza waɗannan abubuwa biyu, kekuna suka tashi. Da an bar maganar haka, da an zargi bayin Allah da cin amana a kan laifin da ba su yi ba.

ASALIN WANNAN ƊINKI

Kada ɗalibai su ɗauka wannan ɗinki baƙo ne da ya zo mana daga Turai. Haɗa yadi biyu a sa ciko a tsakani a bi da ɗinki, kakanninmu sun san shi tun da daɗewa, shi ne lifidi. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kano. Ana cusa audugar rimi ko ta gona tsakanin ƙyalle biyu, a bi da ɗinki kusa-kusa, a rufe doki da mahayinsa domin kibiya ta rasa wurin shiga. Baturen nan Clapperton ya ga 'yan lifida da idonsa cikin rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1826, kuma har yau ana ganinsu a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau. To ku duba, mutumin da zai shiga fagen fama ransa na rataye da ƙarfin zaren da aka ɗinke lifidinsa. In ɗinki ya warware auduga ta zame gefe guda, kibiya ta sami hanya.

Zaren wancan zamani iyayenmu mata ne ke kaɗa shi da mazari, bayan sun gurje auduga sun shiɓe ta. Su ma ba su taɓa ɗaukar zare duk ɗaya ne ba. Akwai zare mai ƙarfi da aka murza sosai, akwai abawa mai kauri da laushi, kuma masaƙi ya san wurin da kowanne ke shiga. Masu aikin wuyan babbar riga kuwa suna da tsamiya, wadda ake samu daga saƙar wata tsutsa, da alharini da fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Wato sanin zare tsohon ilmi ne a ƙasar nan, mu ne muka yi sakaci da shi.

Ni kaina a masaƙa na koyi abin da na sani. Bayan na bar wannan makaranta na sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, a sashen kaɗi, inda aikina kullum shi ne auna kaurin zare da gwada ƙarfinsa. Masaƙar farko a Kaduna, wato Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har garin ya zama cibiyar saƙa ta Arewa. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, noman auduga ya ja baya, yadin waje ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Dubban ma'aikata muka watse, ni na koma kan keke. Sakamakon wannan shi ne, yawancin zaren da ke kasuwanninmu a yau, daga Kantin Kwari a Kano har zuwa Zuru da Ribah da Bena, daga ƙasashen waje yake zuwa, mai kyau da marar kyau a tebur guda. Babu mai tace mana, sai mu tace da kanmu.

ABIN DA ZARE KE FUSKANTA A KAN FIRAM

A ɗinkin yau da kullum, haƙoran keke ne ke jan yadi, kuma hanya ɗaya suke jansa. A kan firam kuwa abin ya juya. Ana ɗame yadin sama da ciko da yadin ƙasa a kan sanduna, su tsaya cik, kan keken ne ke yawo bisa dogo, gaba da baya, hagu da dama, har da kewaye in ana fitar da fure. Saboda haka ana fizgar zare ta kowace fuska. Bugu da ƙari, kowane ɗan yanki na zaren sama yakan shiga kafar allura ya fito sau da yawa kafin ya kwanta cikin ɗinki, yana gogar ƙarfe. Ga kauri hawa uku da allura za ta huda, ga zafin da take ɗauka in ana gudu, musamman cikin soso ko faiba. Zaren da zai ɗinke rigar makaranta lafiya lau yana iya kasa minti biyar a nan.

IRE-IREN ZARE

Iri uku ne za ku fi cin karo da su a kasuwa.

Na farko zaren auduga. Yana da laushi, yana kwanciya cikin yadin auduga kamar atamfa da shadda, yana jure zafin dutsen guga, kuma in ya jiƙe ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Aibinsa shi ne yana zubar da ɓurɓushi cikin keke, ba ya miƙewa, kuma yakan ɗan tsuke a wankin farko. Mai kyau a cikinsa shi ne wanda aka yi da auduga mai dogon gashi aka kuma wanke da sinadarin soda, dabarar da wani Bature John Mercer ya gano a Ingila a 1844. Irin wannan za ka gan shi sumul da ɗan ƙyalli.

Na biyu zaren roba, wato foliyesta, wanda Whinfield da Dickson suka ƙirƙiro a Ingila a 1941. Shi ne ya cika kasuwa a manyan dunƙulai. Ya fi auduga ƙarfi, yana ɗan miƙewa ya dawo, ba ya tsukewa, launinsa ba ya saurin koɗewa, kuma ɓurɓushinsa kaɗan ne in mai kyau ne. Abokin gabansa wuta. Yana narkewa a zafin da ya kai wajen digiri 250, kuma dutsen guga na gawayi da aka cika masa wuta yana iya laƙume shi. Ga bargon da za a riƙa wankewa ana shanyawa a rana shekara da shekaru, shawarata a fara da wannan.

Na uku shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira siliki. Mafi yawansa ba siliki ba ne, reyon ne, da itace ake yinsa a masana'anta. Ya fi kowanne ƙyalli, shi ya sa masu surfani ke sonsa a wuyan riga da hula. Amma in ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma ruwan bilic yana cinye launinsa. A yi ado da shi a saman bargo in ana so, amma kada a ba shi aikin riƙe hawa uku.

In mai kanti ya rantse maka cewa zarensa auduga ne kana shakka, ashana ɗaya ta raba gardama. Auduga tana ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Reyon yana ci da sauri kamar takarda. Silikin gaskiya kuwa warin ƙonannen gashi yake yi.

KARANTA LAMBAR ZARE

Nan ne nake roƙon ɗalibai su buɗe littafi su rubuta. A gindin yawancin dunƙulen zare za ku ga lamba kamar 40/2. Lambar farko tana nuna kaurin sili ɗaya, ta biyu tana nuna sili nawa aka tufke. A wannan tsari na Ingila, 40 na nufin in aka auna laba ɗaya na silin, wato giram 454, za a sami ƙulli 40, kowane ƙulli yadi 840. Ashe ke nan duk lokacin da lamba ta hau, zare sirancewa yake yi. 60/2 ya fi 40/2 siranta, 20/2 kuma ya ninka shi kauri. Mutane da yawa suna juya wannan lissafi, su sayi babbar lamba suna zaton sun sayi kakkaura.

Akwai wani tsarin kuma da ake rubutawa Tex. Shi nauyin mita 1,000 na zaren ne a giram, don haka a nan in lamba ta hau kauri ne ya ƙaru. Zaren 40/2 yana daidai da Tex 30 ko kusa da haka, 20/2 kuwa wajen Tex 60.

Ga ɗinkin bargo na gida, 40/2 na roba mai kyau ya wadatar, 40/3 kuma ya fi shi ƙarfi in cikon mai kauri ne. In ana so layin ɗinki ya fito fili a matsayin ado, a hau zuwa 20/2. In kuwa zanen atamfar ake so ya fito, ɗinki ya ɓuya, a sauko zuwa siriri, a kuma matso da layukan kusa da juna. A kiyaye abu ɗaya: kada zare ya fi ƙarfin yadi nesa. In aka ja bargo da ƙarfi, gara zare ya tsinke a sake bi, da yadi ya yage a bakin ɗinki, domin wannan ba ya gyaruwa.

ZARE DA ALLURA DA ƊAURI

Allura ma tana da lamba, kamar 80/12, 90/14, 100/16 da 110/18. A nan lamba na hawa kauri na ƙaruwa, 90 na nufin kaurin allurar bai kai milimita ɗaya ba da kaɗan. Zaren 40/2 yana tafiya da 90/14 a kan bargo, 20/2 kuma yana son 100/16 ko 110/18. Gwajin mai sauƙi ne. Ka zura zaren a allura tun ba ka ɗaura ta ba, ka kama bakin zaren biyu ka karkata shi. In allura ta zame da kanta ta gangara, sun dace. In ta maƙale, kafar ta yi ƙanƙanta, zare zai riƙa saɓulewa yana tsinkewa. Abin da na tarar a ɗakin sana'armu ke nan, kakkauran zare cikin allurar ɗinkin ɗankwali. Kuma allura tana dakushewa. A canza ta bayan kowane babban bargo ɗaya ko biyu, kada a jira sai ta karye.

Sai maganar ɗauri, abin da teloli ke kira tenshan. Zaren sama da na kwarkwaro suna sarƙewa ne su yi ƙulli, kuma wurin da ya kamata ƙullin ya kwanta shi ne tsakiyar ciko, inda ido ba ya gani. In ka ga zaren ƙasa ya leƙo sama, ɗaurin sama ya yi yawa. In ka kifa bargo ka ga zaren sama ya yi lilo a ƙasa, ɗaurin ya yi sako-sako, ko kuma ba a zura zaren daidai ba. Mai koyo ya sa zare iri ɗaya, lamba ɗaya, sama da ƙasa, har hannunsa ya faɗa. Kuma kafin a taɓa kayan mutane, a haɗa ƙyalle da ciko irin na aikin a gefen firam a gwada.

LAUNI, DA DARASIN DA NA SAYA DA TSADA

Hausawa kan ce zaren ba kalar yadin ba ne in abu bai dace da abu ba, kuma daga bakin teloli maganar ta fito. Kada a kara dunƙule gaba ɗaya a jikin yadi, domin sili ɗaya ya fi dunƙule haske. A warware zaren a shimfiɗa shi bisa yadin, a fita waje a duba da hasken rana. In an rasa daidai, a ɗauki wanda ya ɗan fi yadin duhu. Ga atamfa mai launi da yawa, ruwan toka yakan saje da kusan kowanne.

Amma dacewar launi ba ta isa ba, sai an tabbata ba ya zuba. Shekarata ta biyu da buɗe shago, wata baiwar Allah ta kawo mini aikin kayan ɗakin 'yarta, farin zanen gado mai ciko da jan fure. Kuɗin da ta tara na sayar da gyaɗa da awaki ne. Zaren da na saba saye ya ƙare, biki ya matso, na shiga kasuwa na ga wani ja mai ƙyalli a rabin kuɗi, na saya. Ni da na yi shekaru ina gwada zare a masaƙa, ban gwada wannan ba. Aiki ya yi kyau, aka yi jere, 'yan kallo suka yaba. Mako uku bayan biki sai ga uwar amarya a ƙofar shago da ƙunshi a ka. Ta kwance ba ta ce komai ba. Wankin farko jan ya bi farin yadi ya ɓata shi tas. Abin da ta faɗa kawai shi ne, "Malam, dangin miji sun ce kayan gwanjo na saya wa 'yata." Na biya yadi, na sake aiki kyauta, amma kunyar da ta sha a gidan surukai ba ni da abin biyanta, kuma unguwarsu gaba ɗaya ta daina kawo mini ɗinki har shekara biyu. Araha ba ta ado.

Gwajin da na ƙi yi bai fi minti goma ba. A yanko zare kamar kamu biyu, a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulu, a naɗe cikin farin ƙyalle a danna da dutsen guga. In ƙyallen ya ɗauki launi, a mayar wa mai kanti kayansa. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali.

Bari mu yi ɗan lissafi, mu ga ko tsimin ma yana da riba. Ɗauki bargo mai mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, a yi masa layuka tsaye da kwance, tazarar santimita biyar. Layi 40 ke nan ta kowace fuska, jimla 80, kowanne mita biyu, wato mita 160 na ɗinki. Irin wannan ɗinki yana cin zare wajen ninki uku na tsawonsa in an haɗa sama da ƙasa, ya zama mita 480. Babban dunƙule mai yadi 5,000 ya haura mita 4,500, ashe zai ɗinka bargo tara. Ku raba kuɗin dunƙule gida tara, ku gwada da kuɗin yadi da ciko da kwanakin da aka yi ana aiki. Za ku ga zare shi ne mafi arahar abin da ke jikin bargo, kuma shi ke riƙe da sauran duka.

Daɗin daɗawa, zare mai kyau ma yana mutuwa in ba a adana shi ba. Rana tana cin ƙarfinsa, ƙurar hunturu tana shiga jikinsa ta bi shi cikin keke, danshin damina kuma yana sa na auduga ya yi fumfuna. A ajiye shi cikin roba mai murfi, nesa da taga. Kafin a ɗora tsohon dunƙule a ja shi tsakanin hannu biyu. In ya tsinke ba tare da gardama ba, ko ka ɗaga shi a haske ka ga gashi-gashi da ƙulle-ƙulle, a bar shi don ɗaurin buhu.

KIRA GA ƘUNGIYA

Ya ku 'yan'uwa, duk mun san halin da ƙasar Danko/Wasagu da sauran masarautar Zuru suka shiga a 'yan shekarun nan. Rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu, ga zawarawa da marayu sun taru a garuruwa ba abin yi. Ba kowane yaron da ya gama wannan makaranta zai sami shiga jami'a ko soja ba. A gefe guda kuma, kowace shekara sanyin Disamba da Janairu yana zuwa, kowace shekara ana aurar da 'yan mata, kuma kuɗin bargo da zanen gadonsu Kano da ƙasashen waje yake tafiya. Kasuwa tana nan a ƙofar gidanmu. Abin da zai hana mu cinta shi ne a ce kayan Wasagu wanki ɗaya suke yi. In wannan suna ya fita, ba mai keke ɗaya zai shafa ba, duka zai shafa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na ɗaya, kwamitin kuɗi ya ware wani abu kowane zango domin zare da allura da man keke, a kuma damƙa sayen ga wanda ya san lamba. Na biyu, malamin sana'a ya buɗe littafi, duk zaren da aka saya a manna samfurinsa, a rubuta lambarsa da allurar da ta dace da shi da sakamakon gwajin wuta da na wanki, domin 'yan baya su gada. Na uku, 'yan'uwanmu da ke zaune Kano da Kaduna da Sakkwato su taimaka da saro mai kyau kai tsaye daga manyan dillalai. Ni kuma a nawa ɓangaren na yi alkawarin zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata in zauna da ɗalibai a ɗakin sana'a, ba tare da an biya ni ko kwabo ba. Wannan makaranta ta ba ni abin da ya fi haka.

Ku kuma ɗalibai, kada wanda ya raina keke don yana riƙe da biro. Lissafin da na yi muku ɗazu a ajin nan na baya na koye shi, a hannun malamin da nake gani zaune a layin gaba. Ku riƙe karatu, ku haɗa da sana'a.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata. Na zo da dunƙulai iri-iri da allurai da ashana, suna kan tebur a bakin ƙofa, duk mai son gwadawa da hannunsa ya same ni bayan an tashi, domin gani ya kori ji. Kurakuran da na yi a gafarce ni. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.